Batirin akwatin Baba

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Da hantsi na shiga gaida Baba, na tarar ya ja tabarmarsa har jikin bangon zaure inda soket yake, ya lulluɓa da bargo, igiyar caja a miƙe tsakaninsa da bango kamar an ɗaure akuya a turke. Ga rana ta fito a ƙofar gida, tsofaffin unguwa duk sun jeru suna shan hantsi, shi kuwa yana cikin sanyi.

Na ce, "Baba, yau ba a fita?"

Ya ce, "Auta, in fita in je ina? Akwatin ga ya ɗaure ni. Da na zare igiya sai ya mutu."

Akwatin da yake nufi iPod ne, ƴar na'urar sauraron sauti ta kamfanin Apple, baƙi, wanda Yaya ya sayo masa na hannu a Kano shekara goma sha wani abu da suka wuce. A cikinsa akwai karatun Alƙur'ani izu sittin, da tafsirin azumi na shekaru da dama, da waƙoƙin makaɗan fada da na manoma waɗanda Yaya ya zauna ya juyo daga kasusuwan Baba ɗaya bayan ɗaya, kafin gara ta cinye kwalin da suke ciki. Kasusuwan yanzu babu su. Kwamfutar da Yaya ya yi aikin da ita ma ta daɗe da mutuwa. Ke nan abin da ke cikin akwatin nan babu shi a wani wuri.

Wani zai ce a saya masa waya a huta. An saya. Kwana huɗu ta yi a hannunsa. Idon Baba ya yi rauni, gilashin waya kuwa sumul yake, yatsa ba ya samun abin laluba, yana neman tafsiri sai ya kira surukinsa ƙarfe huɗu na asuba. Shi kuwa akwatin yana da da'ira a gaba: sama komawa baya, ƙasa kunnawa da tsayarwa, dama gaba, hagu baya, maɓalli ɗaya a tsakiya. In ya zagaya yatsa kan da'irar tana ɗan yin ƙas-ƙas, da wannan ƙarar yake ƙirga inda ya kai. Ko a duhu ba ya ɓata.

Na juya bayansa na karanta: 30GB, can ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe A1136. Wannan shi ne zubi na biyar, wanda Apple ya fitar a watan Oktoba na 2005, na farko da ke nuna bidiyo, aka ci gaba da sayar da shi har Satumban 2007. In dai ba a taɓa canza masa batiri ba, to batirin ya haura shekara 17. Kamfanin da kansa cewa ya yi bayan cikakken caji 400 batirin zai riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa na farko. Baba kullum sai ya yi caji. Ga zafi, wanda shi ne babban abokin gabar batirin litiyam: sama da digiri 35 ya fara cin ƙarfinsa, mu kuwa a nan Maradi Afrilu da Mayu 40 ma wucewa ake yi. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ya kawo yau.

An daina ƙera masu da'ira da diski irin wannan tun Satumban 2014, a watan Mayun 2022 kuma aka rufe babin iPod gaba ɗaya. Babu zancen sabo ke nan. Gyara za a yi, kuma ina so a gama kafin azumi ya kama farkon Maris.

Litinin, 13 ga Janairu

Yau kasuwa. Da na tashi daga lakkol na hau kabu-kabu zuwa layin masu gyaran waya. Rumfa uku na nuna shi. Na farko ya jujjuya shi ya ce wace irin waya ce wannan ba ta da wurin sa kati. Na biyu ya ce in bar shi in dawo jibi, na ƙi. Na uku tsohon ɗalibina ne, shi ya san abin.

"Mushe, wanga ai tsohon yayi ne. Mi za ka yi da shi?"

Na ba shi labari. Ya ɗaga shi saitin haske ya duba gefe, ya nuna mini da farce inda fuskar roba ta haɗu da bayan ƙarfe. Daga sama ta hannun dama bakin ya ɗan buɗe, kamar kaurin takarda biyu. Ni ban lura ba. Ya ce batirin ne ya kumbura yake turo murfin, kuma in aka bar shi gilashin zai matsa, tunda a bayan gilashin yake kwance.

Batirinsa dai babu a kasuwar. Dabarar da ya kawo ita ce a buɗe, a yanke tsohon batirin, a bar siririyar igiyarsa mai faɗi, wadda su ke kira nap, da ɗan allon kariya da ke manne a kansa, sai a samo batirin wata ƙaramar sifika a liƙa da dalma. Wutar duk ɗaya ce, bolt 3.7, in ya cika 4.2. Dabara ce ta gaske, na ga an yi wa wasu kaya haka sun tashi. Abin da ya hana ni yarda biyu ne. Batirin da za a ciro daga matacciyar sifika ba wanda ya san shekarunsa. Sannan ƙarfen dalma mai zafi a kan batirin litiyam, ga abin zai riƙa kwana ƙarƙashin matashin tsoho, raina bai kwanta ba. Na ce masa mu ajiye wannan sai in an rasa yadda za a yi.

Bai karɓi ko dala ba. Ya ma ba ni wata ƴar robar ɓamɓare murfin waya, ya ce, "Mushe, don Allah kada ka sa wuƙa."

Asabar, 18 ga Janairu

Kafin a taɓa murfi, sai an kwashe abin da ke ciki. Kada garin neman gira a rasa ido.

Wannan ya ci mini yini guda. Na haɗa shi da kwamfutata, sai ya nuna rubutun Turanci mai cewa a jira, batiri ya yi ƙasa ƙwarai, ya tsaya nan. Dalili shi ne a cikinsa diski ne na gaske mai juyawa, ɗan ƙarami mai inci 1.8, kuma lokacin da zai fara juyi yana jan wuta da yawa, mataccen batiri kuwa ba ya iya tallafa masa. Sai na mayar da shi cajar bango ya yi kusan awa guda, na zare da sauri na soka a kwamfuta. Karo na uku ya kama. Na kara kunne na ji diskin ya ɗauki juyi, siii, kamar sauro a nesa.

Wanda duk zai yi irin wannan aikin, ga inda ake yin asara. In kwamfutar tana da iTunes, manhajar Apple ta zuba waƙoƙi, zai buɗe ya tambaya ko a daidaita na'urar da waƙoƙin da ke kwamfutar. Wanda ya amsa da to, ya share komai da hannunsa, domin za a goge na ciki a zuba na kwamfutar, ko da kuwa babu komai a cikinta. Ni rufe shi na yi gaba ɗaya, na buɗe akwatin kamar yadda ake buɗe kowace ma'ajiya. Na yi sa'a tsarin Windows Yaya ya yi masa, da na Mac ne da kwamfutata ba ta karanta shi ba.

Da farko za ka ga kamar babu komai. A ɓoye suke. Sai ka ce wa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun jakunkuna, sannan iPod_Control za ta fito, a cikinta Music, a cikin wannan kuma jakunkuna F00, F01, F02, haka har ƙasa. Sunayen fayilolin duk an sauya su zuwa baƙaƙe huɗu-huɗu marasa ma'ana. Ba lalacewa ba ce, haka na'urar ke ajiyarta. Sunan gaskiya yana cikin fayil ɗin, in dai wanda ya zuba ya rubuta. Yaya ya rubuta na karatu da na tafsiri tsaf. Na kasusuwa kuwa ya gaji a hanya, rabinsu ba suna.

Jaka ɗai-ɗai na riƙa kwafa, don in ya mutu a tsakiya in san inda na tsaya. Ya kuwa mutu sau biyu. An ɗauke wuta bayan azahar, kwamfutar ta riƙe da batirinta har na kai F31, sannan ita ma ta kwanta. Bayan isha'i na ƙarasa. Giga 21 da ɗan kai. Na ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a katin ajiya na ba maiɗakina ta sa cikin akwatin takardun gida.

Cikin dubawa na buɗe wani fayil marar suna, na ji hayaniyar biki, kalangu na tashi, can sai ga muryar Inna, Allah ya jiƙanta, tana yi wa wani yaro faɗa ya sauko daga kan katanga. Daƙiƙa shida ko bakwai. Ban san akwai shi ba. Na mayar da shi baya sau nawa, ban ƙirga ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Ɗan kawuna mai fataucin kayan waya zai shiga Kano ta Ɗan Isa da Jibiya jibi. Na ɗauki hoton akwatin gaba da baya na aika masa, na rubuta A1136, na ba shi sefa 7,000. Ya ce zai duba kasuwar waya ta Farm Centre, in babu akwai wanda ke yi musu odar irin waɗannan ƙananan kaya daga Sin.

Laraba, 29 ga Janairu

Batirin ya iso, cikin ƴar leda, da robobin buɗewa guda biyu shuɗɗa. An rubuta 3.7V, 850mAh a jikinsa. Na yi murna da ganin lambar, na ce babba aka samo. Sai Asabar, ba na son yin aikin da dare.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na tashi da shiri. Ƙura ta sauko tun jiya, ko gidan da ke fuskantarmu dishi-dishi ake gani, don haka na rufe taga, na yayyafa ruwa a ƙasa, na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. A irin wannan bushewar jiki na tara ƴar wutar nan da ke tsartuwa in ka cire rigar sanyi, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe allon na'ura. Na cire rigar, na taɓa ƙyauren ƙarfe kafin in fara, duk sanda na tashi na dawo kuma sai na sake taɓawa. Yara na kora gidan Baba.

Na tura maɓallin kulle na sama har launin lemo ya fito, don kada ya kunnu a hannuna.

Ba shi da kusa ko ɗaya a waje. Fuskar da bayan haƙora ne ke riƙe da su daga ciki, jere a gefe da gefe. Na fara ta inda kumburin ya riga ya buɗe mini hanya, na soka robar, na bi gefen a hankali ina dannawa. Ba ɓamɓara ake yi ba, turawa ake yi ciki sannan ƙasa, har haƙorin ya saki ya ce ƙat. Robar farko bakinta ya lanƙwashe kafin in gama gefe ɗaya. Ta biyu ta karye. Wadda ɗalibina ya ba ni ita ta ƙarasa aikin, tare da wani tsohon katin banki da na riƙa cusawa inda na riga na buɗe don kada ya koma. Minti arba'in. Sau biyu hannuna ya kai kan wuƙar tebur na tuna maganar yaron. An ce wanda ya biyo bayan wannan, na 2007 mai fuskar ƙarfe, ya fi wannan taurin kai nesa ba kusa ba. Allah ya raba ni da shi.

Da bayan ya saki, kada a ɗaga. Nan ne wurin da ya fi ko'ina haɗari. Nap biyu ne suka haɗa bayan da allon: ɗaya ta batiri, ɗaya ta ramin igiyar kunne da maɓallin kulle. Dukansu siraran abubuwa ne launin ruwan zuma, ba su fi ɓawon albasa kauri ba. Na ɗaga murfin kamar faɗin yatsa na leƙa da fitilar waya. Ta batirin ta gangaro har ƙasa kusa da ramin caja, ta shiga wani ɗan maƙalli ruwan ƙasa wanda bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Shi ake ɗagawa sama kaɗan, kamar milimita ɗaya zuwa biyu, sai nap ɗin ta zame. Robar ta shekara kusan ashirin, ta bushe. In ta tsinke daga allon, aikin ya tashi daga canjin batiri ya koma neman sabon allo. Na sa tsinken sakace ta gefe ɗaya na ɗan taɓa, na koma ɗaya gefen na ɗan taɓa, ina riƙe da numfashi. Ya ɗago. Nap ta fito.

Sai na buɗe shi kamar littafi na kwantar. Ga batirin nan manne da murfin baya daga sama, ya yi tozo a tsakiya kamar fanke. Danƙo ne ke riƙe da shi, kuma nap ɗin ramin kunne ta bi ta gefensa, sai an lura. Na cusa katin a ƙarƙashinsa ina ci gaba kaɗan-kaɗan, ban lanƙwasa shi ba, ban kuma sa ƙarfe ba, domin kumburarren batiri in ya huje wuta yake kamawa. Ya fita lafiya.

Na ɗauko sabon na ɗora a gurbin. Tsawo daidai, faɗi daidai, nap daidai. Na jawo murfin in gwada rufewa, ya ƙi. Na sake gyara masa zama, ya ƙi. Sai na ajiye tsohon da sabon gefe da gefe na duba ta ƙasa, na ga sabon ya fi tsohon kauri, duk da kumburinsa.

Laifina ne, ba na kowa ba. A1136 lamba ce ta zubin gaba ɗaya, amma jiki biyu gare shi. Mai 30GB siriri ne, milimita 11. Masu 60GB da 80GB kauri gare su, milimita 14, batirinsu ma ya fi kauri. Ni lambar kawai na rubuta, hoton da na aika kuma haske ya haske wurin da aka sa 30GB. Ɗan kawuna ya ga iri biyu, ya zaɓo mini mai babbar lamba don ya kyauta mini.

Na zauna ina kallonsa. Zuciya tana cewa danna kawai, ai milimita biyu ce ko uku. Amma gilashi ne a gabansa, kuma matse batirin litiyam shi ne abin da na ƙi tun farko. Na yi tunanin sayen murfi mai kauri, sai na gano ramin kunne da maɓallin kulle na mai kauri su ma daban ne, ke nan abu uku zan saya maimakon ɗaya. Na tattara komai na sa a kwanon silba mai murfi, na ɗora saman kabad.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na kira ɗan kawuna na ce siriri nake so, na 30GB, na maimaita sau uku har ya yi dariya. Ya ce wannan sai an yi oda, mako biyu.

Tsohon batirin ban mayar ba, ban kuma jefa shi bola ba. Bolarmu ƙona ta ake yi, kafin a ƙona kuma yara sun tona. Kumburin nan iska ce da ruwan cikin batirin ke fitarwa in ya lalace, kuma tana kama wuta. Na naɗe bakin nap ɗin da salatif, na zuba yashi a gwangwanin madara na binne shi ciki, na ajiye bayan ɗaki inda rana ba ta bugu.

Saura Baba. Na zuba masa wasu fayilolin a kati na sa cikin ƴar rediyon nan mai cin kati. Na manta sunayen a hargitse suke, rediyon kuwa bi take yi yadda ta same su. Da magariba ya aiko jikansa ya kira ni.

"Auta, wane irin abu ne wanga? Malam na cikin bayanin gado, sai in ji an buga taushi."

Na ba shi haƙuri. Daren nan na zauna na ware masa tafsirin shekara guda na jera da lamba, 01 zuwa 29. Ya karɓa, amma ya ce maɓallan rediyon duk kansu ɗaya, kamar haƙoran masara.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Kullum in na je gaisuwa tambayar ɗaya ce, yaya jikin akwati. Yau bayan masallaci kaya suka iso. Siriri ne, an rubuta 650mAh. Lambar da ake bugawa a jikin irin waɗannan batura ba na ɗaukarta da muhimmanci sai na gwada. Sefa 6,500 har da kuɗin mota. Mai kaurin na kai wa ɗalibina, ko wani zai zo da irin nasa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Wannan karon kafin in ɓare takardar danƙon sai da na ɗora shi na jawo murfi. Ya zauna lif. Sannan na manna, na lanƙwasa nap ɗin yadda tsohuwar take, na zura ta cikin maƙallin har ta tsaya, na danna shi ƙasa da bayan tsinke. Aikin da na yi wata guda ina shiri, bai kai minti goma ba.

Ban rufe ba. Na ɗora murfin kawai, na buɗe kulle, na danna Menu, wato na saman da'ira, da maɓallin tsakiya tare na riƙe kamar daƙiƙa takwas. Tambarin ya fito, diski ya juya, jerin ya bayyana, babu igiya a jikinsa. Maiɗakina da ke tsaye bakin ƙofa ta ce, "To, barka."

Na soka igiyar kunne na kunna karatu. Lokaci yana tafiya a gilashi, kunne shiru. Na ƙara murya har ƙarshe, shiru. Na sauya igiya, shiru. Na tura maɓallin kulle, alamar kwaɗon ba ta fito ba. A nan na gane inda matsalar take, tunda ramin kunne da kulle nap ɗaya suke bi. Gabana ya faɗi, na ɗauka na yaga ta ranar da nake ɓamɓare tsohon batiri.

Na sake zare batirin, domin ba a taɓa komai da wuta a jiki. Na bi nap ɗin da fitila daga farko har ƙarshe, babu tsaga. Bakinta yana shiga allo ne a ƙarƙashin diski, sai an ɗaga diskin a hankali ta gefe guda, shi ma da tasa nap ɗin a ɗaya gefen. Na ɗaga, sai ga ta ta zamo rabi a karkace. Ina jin ranar da na sa shi cikin kwano ne murfin ya ja ta. Na buɗe ɗan maƙallinta, na daidaita ta, na rufe. Robobin da ke gefen diskin, masu kare shi daga girgiza, ɗaya ta faɗo, na mayar.

Na mai da batiri, na kunna. Bismillah ta fito a kunnuwa biyu. Kwaɗo ya fito. Sai a lokacin na haɗa murfin na bi gefe-gefe ina dannawa, ƙat, ƙat, ƙat. Wuri ɗaya daga ƙasa ta hagu bai kama sosai ba, na lanƙwasa haƙorin ranar buɗewa. Farce kaɗai ke jin wurin. Na bar shi haka.

Na sa caji ƙarfe biyar na yamma. Wajen tara saura ya nuna ya cika, daidai da awa huɗun da aka san shi da ita. Na riƙa taɓa bayansa lokaci-lokaci, ɗumi kaɗan, ba zafi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Gwaji. Ƙarfe 6:30 na safe na kunna shi, murya rabi, hasken gilashi a kashe, na sa ya yi ta bin jerin karatu. Na bar wa ɗiyata aikin leƙawa in ta dawo lakkol, ta rubuta a bayan kayenta. Ƙarfe 12:30 alamar ta ɗan wuce rabi. Ƙarfe 4:00 saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ya mutu ƙarfe 6:50 na yamma, ina alwalar magariba. Awa 12 da minti 20.

Yana sabo an ce awa 14 yake yi. Tsohon diski ne, ban yi tsammanin zai kai can ba. A hannun Baba ma ba zai kai 12 ba, domin na'urar ɗebo karatu take yi daga diski ta zuba a ƴar ma'ajiyarta mai mega 32, diskin ya kwanta ya huta. Duk sanda aka tsallake zuwa wani abu daban sai diskin ya sake tashi, tashin nan kuwa shi ke shan batiri. Baba in yana neman wata waƙa sai ya tsallake ashirin. Na rage lokacin hasken gilashi zuwa daƙiƙa biyu, tunda shi ba dubawa yake yi ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na kai masa bayan la'asar. Ya karɓa ya shafa gaba, ya shafa baya, ya bi gefe da babban yatsa har ya tsaya daidai inda haƙorin bai kama ba.

"Nan ka ji mashi ciwo."

Na ce e, Baba.

Ya danna sama sau huɗu, ya zagaya yatsa yana ƙirga ƙas-ƙas ɗin da leɓe, ya danna tsakiya. Ya saurara kaɗan. Sai ya laluba ƙasan akwatin yana neman igiya, bai ji ta ba, ya sake lalubawa. Ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙo hannu in tashe shi, ya ce a fitar masa da tabarma waje.

Na roƙe shi abu biyu: kada ya bar shi kan taga rana ta buga, kuma kada ya yi caji a ƙarƙashin matashi. Ya ce ya ji. Na faɗa wa jikansa da ke kwana wurinsa, shi ne zai fi riƙewa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwana huɗu, caji biyu. Bakin murfin bai motsa ba.

Jiya da nake zaune kusa da shi na ji diskin ya yi ƙyas sau biyu kafin ya kama, abin da ban ji ba ranar gwaji. Akwai ɗan allo da ake sawa a gurbin diskin ya ɗauki katin ajiya irin na waya, ba juyi, ba ƙara, batiri ma ya fi daɗewa. Na tambayi ɗan kawuna kuɗinsa, ya ce zai bincika. Amma sai an sake buɗe murfi, an sake taɓa ɗan maƙallin nan ruwan ƙasa, an kuma sake zuba komai a jera shi daidai yadda yatsan Baba ya haddace. Ba zan taɓa shi ba sai bayan salla.

Gwangwanin yashi yana nan bayan ɗaki, ɗalibina ya ce in kawo masa Litinin, akwai mai zuwa karɓar matattun batura wurinsu. Fayilolin da ba su da suna 143 ne. Na fara sauraronsu da dare ina rubuta abin da na gane, na kai 19. Waɗanda ban gane makaɗin ba na kan kai wa Baba, kafin a gama buɗe kiɗa ya faɗi sunansa da garinsu. Wanda muryar Inna ke ciki ban kunna masa ba tukuna.